Ruwa ko bugun baya? Muhawara kan abin da ke cikin wuya da maƙogwaro

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga masana jikin ɗan Adam. Idan mutum yana cin abinci ya ƙware, ina abincin yake shiga? Kuma gaskiya ne ba a ba wanda ya ƙware ruwa? Wata ma'aikaciyar jinya na ji tana faɗin haka, abin ya ɗaure min kai, don ni a sanina da an ƙware ruwa ake fara miƙowa.

Baban Gida:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ruwa ai shi ne maganin abin. Loma ta tsaya a wuya, ruwa ya kora ta ƙasa, shi ke nan. Kada a tsaurara abin da bai kai ya kawo ba.

Ɗalibin Likitanci:
Baba, Allah ya ƙara girma, abu biyu muke haɗawa wuri guda. Akwai lomar da ta tsaya a hanyar abinci, akwai kuma wadda ta faɗa hanyar iska. Ta farkon ruwa na iya taimaka mata. Ta biyun ruwa ba ya ko isa inda take, don ba hanyarsu ɗaya ba.

Ga yadda wurin yake. Bututu biyu ne ke gangarawa ta cikin wuya. Na gaba, wanda za ku iya taɓawa da yatsa a ƙasan zakaran wuya, shi ne bututun iska, huhu yake zuwa. Tsawonsa a jikin babba kamar santimita 10 zuwa 12, kuma zobban guringuntsi 16 zuwa 20 ne ke riƙe da shi a buɗe dare da rana. Zobban ba su haɗe ta baya ba, nama mai laushi ne ya cike wurin. A daidai bayan nan bututun abinci yake, mai tsawon kusan santimita 25, shi kuma a matse yake zama, ba ya buɗewa sai abu ya zo wucewa.

Inda gizo ke saƙar a sama ne. Iskar da ta shigo ta hanci daga can baya take saukowa, amma gaba za ta. Abincin da ya shigo ta baki daga gaba yake tahowa, amma baya za shi. Dole ke nan su gitta juna a bayan harshe. Mararraba ce, kuma duk haɗiya guda sai an tsayar da hannu ɗaya kafin ɗayan ya wuce.

Ku ɗora yatsa a kan zakaran wuya ku haɗiyi yawu. Za ku ji ya yi sama ya ɗan turo gaba, sannan ya koma. A wannan ɗan lokacin naman ganɗa mai laushi na can baya, wanda beli ke reto a jikinsa, ya ɗaga ya toshe hanyar hanci. Tantanin murya biyu sun haɗe. Wani murfin guringuntsi da ke gindin harshe ya kifa a kan ƙofar maƙogwaro. Numfashi ya tsaya cak, ƙofar bututun abinci ta saki, loma ta wuce. Duk wannan cikin kusan daƙiƙa guda. In mutum ya yi dariya ko ya ja iska don yin magana a daidai lokacin, ƙofar iska a buɗe take, abu ya faɗa. Ƙwarewa ke nan.

Baban Gida:
To ɗana, na ji. Amma sau nawa muka ga mutum ya ƙware, aka ba shi ruwa, ya sha ya lafa?

Sista Mai Aikin Dare:
Baba, wanda ya iya karɓar kofi ya sha ruwa ya lafa, tari ne ya riga ya yi masa aiki. Ruwan ya zo ne bayan komai ya wuce, ya wanke masa kaikayin da ya rage. Yabon na tari ne aka ba ruwa.

Abin da nake so kowa ya riƙe: ku duba ko mutumin yana iya tari ko magana. In yana tari da ƙarfi, iska na wucewa, ku bar shi ya yi ta tarinsa, kada ku ɗura masa komai. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya yi tsit. Ba tari, ba magana, ba kuka, ya kama wuyansa da hannu, ido ya firfito, leɓe ya fara sauya launi. Wannan hanyar iskarsa ta toshe gaba ɗaya, kuma ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da minti 4 zuwa 6 ba tare da ta fara lalacewa ba. In kuka zuba masa ruwa a baki, ƙara wa Borno dawaki kuka yi, ruwan ma hanyar iskar zai nema.

Abin yi: a sunkuyar da shi gaba sosai, a tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya, a buga tsakanin allunan kafaɗarsa da gindin tafin hannu har sau 5, bugu mai ƙarfi ba shafa ba. In bai fita ba, a tsaya bayansa, a dunƙule hannu a ɗora a saman cibiya ƙasan ƙashin ƙirji, a riƙe da ɗaya hannun, a fizgo ciki da sama sau 5. A yi ta maimaitawa, wani kuma ya nemi taimakon asibiti tun daga farko. Mai juna biyu da mai ƙiba sosai a ƙirji ake matsa musu, ba a ciki ba.

Maman 'Yan Biyu:
Sista, jariri fa? Su ne ke sa komai a baki.

Sista Mai Aikin Dare:
Wanda bai kai shekara ɗaya ba, ba a matsa masa ciki ko kaɗan, Hajiya. Ki kifa shi a kan damtsenki, kansa ya fi ƙirjinsa yin ƙasa, ki riƙe haɓarsa, ki buga bayansa sau 5. Ki juyo shi, ki danna tsakiyar ƙirjinsa da gindin tafin hannu ɗaya sau 5. Kada ki zura yatsa kina lalube a bakinsa in ba ki ga abin da idonki ba, tura shi ciki za ki yi.

Akwai kuma wanda ya fi ruɗar iyaye. Wani lokaci abin yakan wuce maƙogwaro ya gangara cikin huhu, tari ya lafa, kowa ya ce Alhamdulillahi ya fita. Na taɓa jinyar wani yaro ɗan firamare da aka yi ta kawowa da zazzaɓi da tari, a ba shi magani ya ji sauƙi, ya dawo. In ka ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ɓangaren hagu iska na shiga sarai, na dama kuwa ƙasa-ƙasa da wani siririn fito. Da aka zura madubi, guntun murfin biro aka ciro. Reshen bututun iska na dama ya fi faɗi ya kuma fi miƙewa, shi ya sa abu ya fi faɗawa can. Ramin nan da kuke gani a kan murfin biro da yawa, saboda irin wannan aka yi shi, don iska ta sami mashiga in an haɗiye.

Mai Bibiyar Labarai:
Ni kuma na karanta cewa bugun baya haɗari ne, yana ƙara cusa abin ciki. Wai wanda ya ƙirƙiro matsa cikin ma haka ya ce. Ya ke nan?

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
Abin da ka karanta yana da asali. Henry Heimlich, likitan tiyata a Amurka, shi ya wallafa dabarar matsa ciki a 1974, kuma ya daɗe yana sukar bugun baya. Amma a 2006 ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta dawo da bugun baya 5 kafin matsa ciki 5, kuma a Turai ma haka ake koyarwa. Sirrin yana cikin sunkuyar da mutum. In yana tsaye ƙyam ka bugi bayansa, abin da ya motsa ƙasa zai nufa. In ya duƙa, kai ya yi ƙasa, waje zai nufa. Ni abin da ya fi damuna ba wanne za a fara ba ne, a'a, mutanen da ke tsayawa suna kallo suna salati babu mai taɓa shi.

Baban Gida:
Likita, salatin ma ai yana da amfani.

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
Ƙwarai Baba, baki na salati hannu na aiki.

'Yar Aji Shida:
Don Allah in tambaya, me ya sa tun farko hanyoyin suka gitta juna? Da kowacce ta kama gabanta ai da ba a ƙwarewa.

Malamin Hausa:
'Yata, tambayarki ta shigo fannina. Wannan fili da ke tsakanin bayan harshe da maƙogwaro, inda haɗarin yake, shi ne kuma inda ake sarrafa sauti. A jikin babban mutum maƙogwaro ya sauka ƙasa sosai, sai harshe ya sami sararin matsawa gaba da baya, sama da ƙasa, shi ya sa muke iya bambanta a da i da u tsaf. Da bakin ba ya haɗe da hanyar iska, da babu magana sam, kuma ranar da mura ta toshe hanci da numfashi ya gagara.

Mu masu Hausa ma muna aiki da maƙogwaro fiye da masu harsuna da yawa. Ki ɗora yatsa a zakaran wuya ki ce ka, sannan ki ce ƙa. A na biyun za ki ji ya yi tsalle sama. Tantanin murya ne ya rufe, maƙogwaron gaba ɗaya ya tunkuɗo iskar da ta maƙale a baki, ba daga huhu ta zo ba. Haka ts take, shi ya sa a nazarin furuci muke kiran su tunkuɗau. A ɓ da ɗ kuwa ƙasa yake yi, su ne haɗiyau. Ni dai a ganina ƙwarewa ita ce farashin magana. Jariri da bai fara magana ba maƙogwaronsa a sama yake, yana shan nono yana numfashi a lokaci guda.

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
Malam, bayanin ƙ da ɓ ya yi daidai, kuma na ji daɗinsa. Amma wurare biyu zan ja da ku. Gaskiya ne maƙogwaron jariri a sama yake, murfinsa har yana kusan taɓa naman ganɗa, kuma yana sauka a hankali a shekarun farko. Sai dai da aka auna, an ga shi ma jaririn yana tsayar da numfashi a duk haɗiya, saurin jerantawar ne ke sa a zaci lokaci guda yake yi. Wannan yana da muhimmanci ga uwaye: jariri na iya ƙwarewa da nono, musamman in an ba shi a kwance ko an ɗura masa abu yana kuka.

Na biyu, cewa saukar maƙogwaro don magana kaɗai take, masana ba su haɗu a kai ba. Akwai nau'in barewar Turai da namijinta ke da maƙogwaro a ƙasa, zaki ma haka, kuma ba sa magana, kaurin murya suke samu da shi.

Malamin Hausa:
Na karɓi ta jariri. Ta biyun kuwa ina nan kan bakana, Likita. Zaki ya sami ruri, mu muka sami wasula. Amfani biyu ba ya kore juna.

'Yar Aji Shida:
To shi zakaran wuyan ƙashi ne? Kuma me ya sa mata ba mu da shi?

Ɗalibin Likitanci:
Kuna da shi, ƙanwata, bai dai fito ba ne. Guringuntsi ne, mafi girma cikin guda 9 da suka haɗu suka gina maƙogwaro. Faifai biyu ne da suka haɗu a gaba. A lokacin balaga sinadarin maza yana sa ya girma, mahaɗar ta yi tsini, kusan digiri 90, a mata kuwa ta fi buɗewa, kusan 120, sai ta kwanta. Tantanin murya a bayansa suke maƙale, don haka da ya girma su ma sai su ƙara tsawo da kauri. Na namiji yakan kaɗa wajen sau 120 a daƙiƙa idan yana magana, na mace wajen sau 200 ko fiye. Fashewar muryar samari daga nan take.

Ƙashi na gaske a gaban wuya guda ɗaya ne, ƙarami mai lanƙwasa, a sama da zakaran wuya ƙarƙashin haɓa. Ba ya haɗe da kowane ƙashi, tsokoki ne da jijiyoyi suka rataye shi, harshe a kansa, maƙogwaro a ƙasansa. Shi ake ja sama idan za a yi haɗiya.

Hajiya Babba:
Likita, tunda ana maganar wuya, wata 'yar'uwata aka yi wa aikin maƙoƙo, tun daga nan muryarta ta dushe. Mene ne haɗin maƙoƙo da murya?

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Maƙoƙo kumburin tayirod ne, wani nama mai ɓangare biyu da ya rungumi bututun iska a ƙasan zakaran wuya. Shi ke fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, zafin jiki, ƙiba da rama. Da sinadarin aidin yake aiki, babba na buƙatar kusan maikirogiram 150 a rana, in ya rasa sai ya kumbura, kodayake ba rashin aidin kaɗai ke kawo maƙoƙo ba. Tunda a jikin maƙogwaro yake ɗaure, kumburinsa na hawa da sauka idan an yi haɗiya, da haka muke fara gane shi.

A bayansa, cikin ɗan kwarin da ke tsakanin bututun iska da na abinci, wata siririyar jijiya take wucewa a kowane gefe, ita ke kai umarni ga tsokokin tantanin murya. Tafiyarta abin mamaki ce. Daga ƙwaƙwalwa tushenta yake, amma ba ta shiga maƙogwaro kai tsaye, sai ta gangara cikin ƙirji, ta hagun ta zagayo ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya, sannan ta hauro. Shi ya sa ciwo a cikin ƙirji kan iya dusar da murya alhali maƙogwaro lafiya lau. Galen, wanda littattafan Larabci ke kira Jalinus, ya nuna aikinta tun ƙarni na 2 a birnin Rum: ya datse ta a jikin dabba mai ihu, ihun ya ɗauke nan take, dabbar na ci gaba da numfashi.

A wajen tiyata, ko ja aka yi wa jijiyar nan murya na iya dushewa. Da yawa tana dawowa cikin makonni ko watanni. In ba ta dawo ba akwai horon murya, akwai kuma ƙaramin aiki da ake matso da tantanin da ya shanye kusa da ɗan'uwansa. Ta koma a duba mata da madubi, musamman in tana ƙwarewa da ruwa, don tantanin da ba ya rufewa ba murya kaɗai yake ɓatawa ba. Aikin nan a da kisa yake yi sosai, sai da Theodor Kocher na birnin Bern a Suwizalan ya gyara hanyar yinsa, har aka ba shi kyautar Nobel a 1909.

Direban Dogon Zango:
Ni matsalata ta baya ce. In na daɗe a zaune wuyana ya riƙe, sai in sa a murɗa min shi ya yi ƙas, in ji daɗi. Akwai laifi?

Sista Mai Aikin Dare:
Yaya, ka daina ba wani wuyanka ya murɗa.

Ɗalibin Likitanci:
Ga dalilin Sista. Ƙasusuwa 7 ne a wuya, su ke ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5. Raƙumin dawa ma 7 gare shi, dogaye ne kawai, ayu kuwa 6. Na farko zobe ne da ƙoƙon kai ke zaune a kansa, a nan ake gyaɗa kai. Na biyu yana da wani tsini da ya shiga cikin zoben, a kansa ake juyawa, kusan rabin duk waiwayen da kake yi daga wannan gaɓa yake. Ta tsakiyarsu laka ta wuce. Ta gefe kuma akwai ƙananan ramuka, jijiyoyin jini biyu suna bi ta ciki suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa, kuma a daidai gaɓar juyawar suke yin lanƙwasa. Fizga mai ƙarfi na iya tsaga bangon ɗayansu ta ciki, jini ya daskare, a sami shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa, har ga matasa. Ka riƙa tsayawa kana motsa wuyan da kanka a hankali, ka gyara matashin kujerar ya zo daidai ƙeya.

Tunda kuma kana kan hanya kullum: jijiyar da ke motsa babbar tsokar numfashi daga wuya take fitowa, daga daidai ƙashin wuya na 3 zuwa na 5. In laka ta yanke sama da nan, mutum ba zai iya numfashi da kansa ba. Wanda ya yi haɗari yana kukan wuya, ko hannu da ƙafa sun mutu, kada a fizgo shi ta hammata kai na lilo. In ba wuta ko wani haɗarin ke tafe ba, a riƙe kansa da hannu biyu yadda aka same shi har masu agaji su zo.

Direban Dogon Zango:
Wallahi wannan ta ƙarshen ta shige ni. Fizgowar muke yi da niyyar taimako.

Maman 'Yan Biyu:
Likita, ƙullutun nan da ke fitowa yara a gefen wuya in suna mura fa?

Likitan Kunne da Maƙogwaro:
Kaluluwa ce, Hajiya, matatun da ke tare ƙwayoyin cuta, kuma wuya cike yake da su. In maƙogwaro ko kunne ko haƙori ya kamu, sai su kumbura su yi zafi, ciwon na warkewa su sace. Mai zafi mai motsi a ƙarƙashin yatsa bai cika tayar mana da hankali ba. Wanda muke so a kawo shi ne mai tauri, marar zafi, wanda ya wuce mako 3 ko yake ƙara girma, musamman in da rama ko zufar dare, don tarin fuka na kama kaluluwar wuya, ciwon daji ma haka. Dushewar murya da ta wuce mako 3 ita ma a zo a duba, balle ga mai shan taba. Dubawar ba wuya gare ta: siririn madubi ake zurawa ta hanci, cikin 'yan mintuna an ga tantanin. Wani malamin koyar da waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, shi ya fara kallon nasa suna motsi a 1854, da ƙananan madubai biyu da hasken rana.

Baban Gida:
To ni tsofaffi nake tambaya a kansu. Na lura da girma ya zo, ruwa ma ƙware mutum yake yi.

Sista Mai Aikin Dare:
Haka ne Baba, kuma ruwa ya fi abinci mai kauri saurin ƙware su, don yana riga murfin isa wurin. Tsokokin haɗiya na raguwa da shekaru, wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki kuwa abin ya fi tsanani, wani ma abu na zubar masa huhu ba ya ko tari. A zaunar da su sosai kafin a ba su komai, kurɓi kaɗan-kaɗan, kada a ɗaga musu haɓa sama, kada kuma su kwanta sai an ɗan jima da gamawa. In kun ji muryar ta jiƙe tana gurgura bayan sun sha, ko zazzaɓi da tari na yawan dawowa, ku kai su a gwada haɗiyar tasu.